Mece ce risefta, kuma me ya haɗa hawan jini da ƙishirwa?

Manomin shinkafa a fadamar Argungu, da tsakar rana a watan Afrilu, gumi na zuba, maƙogwaro ya bushe. Shi dai ya san ƙishirwa yake ji. Amma sinadarin da ya tura shi bakin randa, shi ne dai wanda likita ke yaƙa da ƙwayar maganin hawan jini. Sunansa anjiyotensin.

Idan ruwa ya ragu a jiki, ƙoda na lura. Sai ta saki wani sinadari mai suna renin, wanda masanin kimiyya Robert Tigerstedt ya gano a 1898. Renin ya yanki wani furotin da hanta ke zubawa cikin jini, a samu anjiyotensin na ɗaya, sannan a huhu a sake datse shi, ya zama anjiyotensin na biyu. Ɗan aike ne, jini ke yawo da shi ko'ina.

To, ɗan aike ko ya yi sallama, sai da mai amsawa. Wannan mai amsawar ita ce risefta: wani ɗan furotin da ke zaune a jikin fatar ƙwayar halitta, ba ya amsa sallamar kowa sai ta sinadarin da ya dace da shi. Na anjiyotensin manya biyu ne, AT1 da AT2.

Mutane da yawa sun ɗauka a hanyoyin jini kawai abin yake ƙarewa, wato su tsuke, jini ya hau. Rabin labarin ke nan. Ƙwaƙwalwa tana da katanga da ke hana yawancin abin da ke cikin jini shiga, anjiyotensin ma ba ya tsallake ta cikin sauƙi. Sai dai gidan yana da zaure. Akwai wasu 'yan wurare ƙanana a ƙwaƙwalwa da ba a katange su ba, kuma ƙwayoyin jijiyar da ke wurin cike suke da AT1. Da anjiyotensin ya manne musu, sai wasu ƙofofin fotasiyam su rufe, kalsiyam ya ƙaru a cikin ƙwayar, ta shiga harba saƙon lantarki ba ƙaƙƙautawa zuwa cikin gida, wajen sashen da ake kira haifotalamus.

Daga nan umarni ke fita. Mutum ya ji ƙishirwa. Sha'awar gishiri ta taso. A saki basofiresin, wanda ke sa ƙoda ta riƙe ruwa, shi ya sa fitsarin mai azumi ke raguwa ya yi duhu kafin la'asar. Jijiyoyin da ke hanzarta zuciya da matse hanyoyin jini su ma su ƙara ƙaimi. Wajen 1970, James Fitzsimons na Jami'ar Cambridge da abokan aikinsa sun ɗiga anjiyotensin cikin ƙwaƙwalwar ɓeraye waɗanda ba sa jin ƙishirwa. Nan take suka nufi ruwa suka hau sha.

Ga manomin nan, wannan rahama ce, don ita ke hana shi faɗuwa a gona. Matsalar tana zuwa ne idan AT1 ta yi ta amsa sallama dare da rana alhali jiki bai rasa ruwa ba. Ƙwayoyin jijiyar sai su saba da tsayuwa kan ƙafa, su riƙa tara wasu gurɓatattun sinadaran iskar oksijin masu gajiyar da su da jawo kumburi, jini kuma ya zauna a sama. A ganina, wannan ya isa ya sa mu daina cewa hawan jini "tunani ne kawai".

AT2 kuwa sau da yawa akasin 'yar'uwarta take yi, tana lafar da ƙwayar jijiya. Ta fi yawa a jikin ɗan tayi, ta ragu bayan haihuwa.

Wasu magungunan hawan jini da ake rubutawa a asibitocin Birnin Kebbi da Gusau wannan layin suke tarewa. Lisinopril da captopril suna hana a ƙera anjiyotensin na biyu. Captopril ma daga binciken dafin wani macijin Barazil aka samo shi, kuma wannan rukunin kan sa wasu mutane busasshen tari. Losartan, wanda Amurka ta amince da shi a 1995, shi kan AT1 yake zama ya toshe ta, ɗan aike ya yi ta sallama babu mai amsawa. Dukansu ba a ba mai juna biyu, domin ƙodar ɗan tayi tana buƙatar wannan saƙon kafin ta ginu.