Dakatar da Shugabannin Siyasa a Shafukan Sada Zumunta: Yadda Lamarin Ya Shafi Zamfara da Kebbi

Dakatar da shugaba a shafin sada zumunta shi ne kamfanin da ya mallaki shafin, kamar Facebook ko X (wanda a da ake kira Twitter) ko YouTube ko TikTok, ya hana wani mai mulki ko jigon siyasa yin magana a dandalinsa saboda ya karya ƙa'idojin da kamfanin ya gindaya. Hukuncin hawa-hawa ne. Akwai liƙa gargaɗi a jikin rubutu, akwai goge rubutun, akwai kulle shafi na wasu sa'o'i ko kwanaki, sai kuma na ƙarshe, wato rufe shi ɗungurungum. Lamarin ya zama abin muhawara a duniya tun daga watan Janairun 2021, kuma a cikin shekarar ta 2021 ya iso Najeriya. Sai dai da ya iso jihohin Zamfara da Kebbi kamanninsa sun canza: a nan ba a cika ganin kamfani ya rufe wa shugaba baki ba, an fi ganin shugaba ya rufe dandalin, ko ma ya katse layin da ake hawa dandalin da shi.

Inda muhawarar ta samo asali

A ranar 6 ga Janairu, 2021 magoya bayan Donald Trump suka kutsa ginin majalisar dokokin Amurka don su hana tabbatar da nasarar Joe Biden. Washegari Facebook ya dakatar da shafin Trump, ranar 8 ga wata kuma Twitter ya rufe nasa, yana mai cewa barinsa zai iya tunzura ƙarin tashin hankali. A lokacin yana da mabiya wajen miliyan 88. YouTube ya bi sahu bayan 'yan kwanaki.

Ba shi ne na farko ba. Tun a watan Agustan 2018 Facebook ya kori babban hafsan sojin Myanmar, Min Aung Hlaing, bayan kisan da aka yi wa Musulmin Rohingya, amma ba a yi wani dogon ce-ce-ku-ce a kai ba. Na Trump ne ya tayar da ƙura, domin shugaba ne mai ci a ƙasar da kamfanonin suke. Angela Merkel ta Jamus, wadda ba ta ga maciji da shi, ta ce matakin yana da matsala, domin a ganinta doka ce ya kamata ta shata wa magana iyaka, ba shugabannin kamfani ba. Shi kansa Jack Dorsey, shugaban Twitter na lokacin, ya ce hukuncin daidai ne amma ya buɗe wata ƙofa mai haɗari.

Masu goyon bayan kamfanonin suna cewa tsarin mulkin Amurka gwamnati ya hana tauye magana, bai hana kamfani ba, kuma dandali zauren mai gida ne, wanda ya ga dama zai shimfiɗa wa tabarma. Masu suka suna amsawa da cewa zauren da mutane fiye da biliyan guda suke zama a cikinsa ya tashi daga zaure ya koma kasuwa, kuma ba a korar mutum daga kasuwa sai da shari'a. Abin da ya biyo baya bai ba kowane ɓangare gaskiya ba. Elon Musk ya sayi Twitter a kan dala biliyan 44 a watan Oktoban 2022, a Nuwamba ya mayar wa Trump shafinsa bayan wata ƙuri'ar jin ra'ayi da ya yi a dandalin. Facebook ya mayar masa da nasa a farkon 2023. Wato hukuncin da aka kira na dindindin bai kai shekara biyu ba, kuma ba kotu ce ta warware shi ba, sauyin mai gida ne.

Buhari da Twitter

Ranar 1 ga Yuni, 2021, marigayi shugaba Muhammadu Buhari ya yi rubutu a kan masu kai hari ofisoshin gwamnati a kudu maso gabas. Ya ce da yawansu yara ne, ba su san ɓarnar yaƙin basasa ba, kuma waɗanda suka yi wata 30 a fagen daga za su yi musu magana da yaren da suke ganewa. Washegari Twitter ya goge rubutun, ya kulle shafin na sa'o'i 12. Ranar 4 ga wata ministan yaɗa labarai Lai Mohammed ya sanar da dakatar da Twitter a faɗin ƙasar har sai abin da hali ya yi, kuma a Twitter ɗin ma'aikatarsa ta wallafa sanarwar.

Fadar shugaban ƙasa ta ce ba don rubutun kaɗai aka yi ba. Da ma akwai jiƙaƙƙa: goyon bayan da Dorsey ya nuna wa zanga-zangar EndSARS ta adawa da zaluncin 'yan sanda a Oktoban 2020, da zaɓen Gana a matsayin mazaunin ofishin kamfanin na Afirka a Afrilun 2021, da kuma ƙorafin cewa an bar Nnamdi Kanu, jagoran masu fafutukar ɓallewar Biyafara, yana ingiza mutane a dandalin. Wannan ƙorafi na ƙarshe ba shaci-faɗi ba ne, kuma shi ne babban raunin kamfanonin a ko'ina: ma'auninsu ba ɗaya ba ne. Facebook ma ya goge rubutun na Buhari, amma ba a taɓa shi ba. Ana iya cewa da an rufe Facebook da arewa ta fi jin jiki, domin shi da WhatsApp ne majalisar jama'a a Gusau da Birnin Kebbi, Twitter kuwa ya fi zama na 'yan jarida da 'yan boko da 'yan siyasa.

Kebbi ta shiga labarin ta hannun ɗanta Abubakar Malami, haifaffen Birnin Kebbi, wanda yake ministan shari'a a lokacin. Shi ya ba da umarnin a gurfanar da duk wanda aka samu yana kewaye haramcin. Matasa da yawa sun sauke manhajar VPN, wadda ke ɓoye ƙasar da mutum yake hawa intanet daga cikinta, suka ci gaba da harkarsu, har da wasu gwamnoni da manyan limaman coci. Ana cikin wannan hali, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashi ɗalibai da malamai. Dandalin da ya ɗaga maganar 'yan matan Chibok zuwa kunnen duniya a 2014 yana kulle a hukumance, an kuma umarci gidajen rediyo da talabijin su daina amfani da shi.

An janye haramcin ranar 13 ga Janairu, 2022, bayan kwana 222, da sharaɗin kamfanin ya yi rajista a Najeriya, ya naɗa wakili, ya riƙa biyan haraji. Ranar 14 ga Yuli, 2022 kotun ECOWAS, a ƙarar da ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta SERAP da wasu suka shigar, ta yanke cewa dakatarwar ta saɓa doka kuma ta tauye 'yancin faɗar albarkacin baki.

Iyakar da doka ta shata

Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin riƙe ra'ayi da karɓa da isar da bayani ba tare da katsalandan ba. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita wannan 'yanci saboda tsaron ƙasa, zaman lafiya, tarbiyyar jama'a, lafiyarsu, ko kare haƙƙin wani. Amma ya ɗora sharaɗi: sai ta hanyar doka, dokar kuma wadda hankali zai ɗauka a ƙasar dimokuraɗiyya. Sanarwar minista ko wasiƙar gwamna ba doka ba ce, kuma a nan ne yawancin matakan da aka ɗauka suke yin tuntuɓe. Dokar da aka fi kama mutane da ita a kan rubutun intanet ita ce ta laifukan intanet ta 2015, musamman sashe na 24, wanda ya haramta har saƙon da zai ɓata wa wani rai. An yi masa gyara a 2024 bayan kotun ECOWAS ta ce ya wuce gona da iri.

Rigimar wa zai yi magana a bainar jama'a tsohuwa ce a wannan yanki. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi wa'azi a ƙasar Kabi, ya kuma shafe kimanin shekara biyar yana yi a Zamfara. Cikin buƙatun da ya gabatar wa Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo a Magami akwai a ƙyale shi ya kira mutane zuwa ga addini, kada kuma a hana kowa amsa kiran. Daga baya Sarki Nafata ya hana kowa wa'azi in ban da Shehu shi kaɗai. Zamfara ce kuma ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999 a zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, kuma a tsarin da jama'ar jihar suka saba da shi, ƙazafi laifi ne mai haddi, giba da annamimanci abin ƙi ne, ɓatanci ga addini kuwa ba ya cikin abin da ake tattaunawa. Ƙa'idojin kamfanonin ba haka suke ba. Sun fi kare mutum daga barazana da cin zarafi, ba su cika kare aƙida daga suka ba. Saboda haka abin da Bazamfare yake ganin ya isa a rufe shafi sau da yawa kamfani ba ya ganin laifinsa, abin da kamfani yake gogewa kuma shi bai ga aibinsa ba.

Lokacin da aka katse layi a Zamfara

Ranar 1 ga Satumba, 2021 aka sace ɗalibai 73 a makarantar sakandaren Kaya da ke ƙaramar hukumar Maradun, mahaifar gwamnan jihar na lokacin, Bello Matawalle. Ranar 3 ga wata, bisa roƙon gwamnatin jiha, hukumar sadarwa ta ƙasa NCC ta umarci kamfanonin waya su kashe na'urorinsu a duk ƙananan hukumomi 14, da farko na mako biyu. Dalilin shi ne a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto yayin da sojoji suke farmaki. An haɗa da rufe kasuwannin mako-mako, da hana sayar da fetur a jarka, da hana safarar shanu. Katsina da Sakkwato da Kaduna suka bi sahu a wasu ƙananan hukumominsu.

A nan ba dandali ɗaya aka rufe ba, komai ne ya tsaya. Masu POS suka naɗe rumfunansu, tura kuɗi ta waya ya gagara, ɗan kasuwa bai san farashin Kano ko Legas ba sai direba ya dawo. Mutane suka riƙa hawa mota zuwa Funtuwa a jihar Katsina don su kira ɗan'uwa su ce suna nan lafiya, har ita ma Funtuwar aka katse mata. A tashoshin mota wasiƙar hannu ta dawo: mutum ya rubuta lambar waya a bayan takarda, ya ba direba ya ce idan ya isa inda akwai sabis ya kira ya karanta. Mafi muni, ƙauyen da aka kai wa hari ba shi da hanyar kiran jami'an tsaro, labarin ma sai bayan kwanaki yake fitowa. An mayar wa Gusau layi a farkon Oktoba, sauran wurare sai daga baya. Da farko mutane da yawa sun yi na'am da matakin don sun gaji da kisa da biyan kuɗin fansa, amma hare-haren ba su ƙare ba bayan an dawo da layin.

Shekara guda bayan haka, a tsakiyar Oktoban 2022, gwamnatin jihar ta ba da umarnin rufe wasu kafafen yaɗa labarai, ciki har da NTA Gusau da Pride FM da Gamji TV, saboda sun ɗauki taron jam'iyyar PDP na Dauda Lawal alhali an hana tarukan siyasa. Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ce ita kaɗai ke da hurumin rufe tasha. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin ta janye ta kuma nemi afuwa. Dauda Lawal ne ya ci zaɓen gwamna a 2023.

Waɗanda ba a rufewa

Akwai wani ɓangare da muhawarar Amurka ba ta taɓo ba. Yayin da ake gardamar ko ya dace a rufe shafin zaɓaɓɓen shugaba, jagororin 'yan bindiga irin su Bello Turji suna fitar da bidiyo da saƙon murya suna gargaɗin garuruwa da gindaya sharuɗɗa, kuma saƙonnin suna yawo a Facebook da WhatsApp. A shekarun baya-bayan nan an ga wasu a TikTok riƙe da bindiga suna baje damman kuɗi, har suna hira kai tsaye da masu kallo. Kamfanonin suna rufe irin waɗannan shafuka idan an kai ƙara, amma buɗe sabo ba ya ɗaukar minti biyar, kuma mafi yawan yaɗawar ba daga shafin mai maganar take ba, daga na jama'a take. Shi ma mai yaɗawar yana da uzurinsa: mutumin Shinkafi ko Zurmi yana son ya ji ko garinsu ne aka ambata.

Na'urorin da ke tace rubutu sun fi ƙwarewa a Turanci. Magana da Hausar Zamfara ko Kabanci, a cikin murya, cike da habaici da zambo, takan wuce su salin-alin, kalaman da ke hura wutar gaba tsakanin Hausawa da Fulani su yi kwanaki ba a taɓa su ba. Gidajen talabijin kuwa suna kusa da hannun hukuma. A watan Agustan 2022 NBC ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda wani shiri da ta yi a kan 'yan bindiga, ta kuma ci irin wannan tarar ga wasu kamfanonin tauraron ɗan'adam da suka nuna wani shirin BBC a kan 'yan bindigar Zamfara, bisa zargin cewa shirye-shiryen suna kambama ta'addanci.