Rayuwar Soja a Finafinai: Horo da Matsayin Mace

Finafinan soja su ne waɗanda labarinsu ya ginu a kan bariki, horo ko fagen daga. A Kebbi da Zamfara, inda kaki ba baƙon abu ba ne, mai kallo kan auna su da abin da ya gani da idonsa.

Abin da irin wannan fim ya fi son nunawa shi ne yadda ake mayar da farar hula soja: aski, tashin asuba, fareti, bin umarni ba musu. Haka ake yi wa kurata a Zariya, a makarantar horon da aka kafa a 1924. Sai dai a ƙasar Zuru ta jihar Kebbi horon kan fara tun kafin a sa kaki. A al'adar golmo ta Dakarkari, saurayi kan yi wa surukansa noma tare da tsararrakinsa, bisa al'ada shekara bakwai, kafin a ba shi mata. Mutanen yankin kan danganta yawan sojojinsu da wannan juriya. Ɗan Zuru ne Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, babban hafsan sojin ƙasa daga 1996 zuwa 1999, haka ma Manjo Janar Muhammadu Sani Sami da ya zama Sarkin Zuru.

Mace kuwa, galibi a bakin ƙofa fim ke tsayar da ita, tana jiran labarin miji. Fim ɗin '76 na Izu Ojukwu, wanda ya fito a 2016, ya ɗora labarinsa a kan yunƙurin juyin mulkin da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinsa, kuma rabin nauyinsa na kan matar wani hafsan soja mai juna biyu. Wahalarta gaskiya ce. Amma matar bariki ta wuce mai jira kawai: akwai Magajiya, shugabar matan sojoji, mai sasanta rigima da sa ido kan tsaftar layi, akwai kuma masu sana'a a kasuwar mami, wato kasuwar bariki, da ke riƙe gida idan an tura maigida daji.

Aikin sojan ma ya riga fim yin gaba. Aderonke Kale, likita, ta zama Manjo Janar a 1994. A 2011 makarantar NDA ta Kaduna ta fara ɗaukar mata horon hafsoshin yaƙi. A 2019 Tolulope Arotile ta zama mace ta farko mai tuƙa helikwaftan yaƙi a Nijeriya, ta rasu a 2020.

A Gusau, mazaunin Birged ta 1 ta sojin ƙasa, rikicin 'yan bindiga ya sa soja ya zama abin gani kullum a shingen hanya. Yarinyar da ke kallon fim a wayar yayanta takan ga mace cikin kaki a gari, alhali a fim ɗin Hausa an fi ba mace matsayin budurwar soja ko matarsa.