Tayar Gasa da Zaɓen Ta a Tseren Motoci na 'Yan Sha'awa

Tayar gasa ita ce wadda aka ƙera domin ta kama kwalta da ƙarfi a lokacin birki da shan kwana da gudu mai yawa, ko da kuwa hakan zai sa ta cinye cikin 'yan kwanaki. Komai ƙarfin injin mota, ba ta taɓa ƙasa sai ta wurare huɗu, kowannensu bai fi tafin hannun babban mutum da yawa ba, kuma ta waɗannan wurare ne umarnin sitiyari da na birki da na totur yake isa ga hanya. Wannan ne ya sa masu tsere don sha'awa, wato waɗanda suke kai motocinsu filin da aka killace da kuɗin aljihunsu, suke ɗaukar zaɓen taya da muhimmancin da ya kai na gyaran inji, wani lokaci ma ya zarce shi.

Asali a taƙaice

John Boyd Dunlop ne ya fito da tayar da ake hura wa iska ta farko da ta samu karɓuwa a shekarar 1888, kamfanin Michelin na Faransa kuma ya yi rajistar ƙirar radiyal a 1946, wadda kusan duk motocin yau suke hawa. Taya marar zane, da ake kira silik, ta shiga gasar Formula One a 1971, aka koma masu tsagi daga 1998 zuwa 2008 domin a rage gudu a kwana, sannan silik ta dawo a 2009. A Nijeriya, Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, kamfanin Dunlop ma ya daina ƙera taya a Ikeja bayan haka da kaɗan, saboda haka duk tayar gasar da za ta iso Sakkwato daga waje take zuwa, bayan doguwar tafiya ta ruwa da ta ƙasa.

Ire-iren tayoyin

Rukuni na farko shi ne tayar titi mai ƙarfin kamu. Tana da zane, ana iya hawa da ita daga gida zuwa filin tsere a dawo, kuma yawancinta na ɗauke da lambar jure cinyewa 200 a ma'aunin Amurka da ake bugawa a gefen taya. Bridgestone Potenza RE-71RS da Yokohama Advan A052 da Hankook Ventus RS4 duk a nan suke. Na biyu shi ne rabin silik, mai roba mai taushi da zane kaɗan, irin Toyo Proxes R888R da Nitto NT01 masu lamba 100, da Hoosier R7 mai lamba 40, wadda tsagi biyu kawai gare ta. Sai kuma cikakkiyar silik, wadda ba a hawa titi da ita sam, da tayar ruwa mai zurfin tsagi.

Ya kamata a fahimci cewa wannan lamba kowane kamfani shi yake gwada tayarsa ya sanya mata, don haka tayoyi biyu masu 200 daga kamfanoni dabam suna iya bambanta ƙwarai wajen kamu da daɗewa. Amfaninta mafi girma yana wajen dokar gasa: ƙungiyar tseren motoci ta SCCA a Amurka, alal misali, ta sanya 200 a matsayin mafi ƙanƙantar lambar da aka yarda da ita a ajin motocin titi na gasar zagaye alamomi. Duk wanda zai sayi taya, takardar dokokin gasar da zai shiga ita ce abin da zai fara karantawa, domin tayar da doka ta hana ba za ta wuce wajen masu duba mota ba, komai tsadarta.

Ga sabon shiga, rukunin farko ya fi dacewa, kuma dalilin ya wuce na araha. Tayar titi tana kuka kafin ta saki, tana zamewa a hankali, direba yana jin iyakarta a hannunsa da kujerarsa har ya koyi gyarawa. Silik kuwa tana riƙewa shiru har zuwa gudun da ya fi haka nesa, sannan ta saki kusan lokaci ɗaya, kuma ƙarfin kamunta yana ƙara wa birki da boris da sassan ƙafar mota nauyin da ba a ƙera motar gida dominsa ba.

Karanta gefen taya

Rubutu irin 205/50 R15 86V yana nufin faɗin taya milimita 205, tsayin gefenta kashi 50 cikin ɗari na wannan faɗi, ƙirarta radiyal, rim ɗinta inci 15. Lamba 86 tana nuna cewa za ta ɗauki kilo 530, harafin V kuma gudun kilomita 240 a awa. H yana tsayawa a 210, W ya kai 270, Y kuma 300. Mutane da yawa suna ɗokin ƙara faɗi, amma taya mai faɗi da aka matse a kan siririn rim tana kumbura a tsakiya, gefenta ya riƙa lanƙwashewa a kwana, sitiyari ya yi jinkirin amsawa. Sau da yawa 205 a kan rim mai faɗin inci 7 ta fi 225 da aka tilasta wa rim mai inci 6 biyayya.

Zafi

A nan ne mai tsere a ƙasar Sakkwato ya bambanta da wanda aka rubuta yawancin shawarwarin kamfanoni dominsa. Robar gasa tana da iyakar zafin da take aiki a cikinta, wanda ga yawancin rabin silik yake tsakanin digiri 80 zuwa 100 na ma'aunin Salsiyos. Idan ba ta kai ba, tana da tauri da santsi. Idan ta wuce, sai ta yi kamar an shafa mata mai, motar ta fara ƙin juyawa a kwanar da ta sha lafiya a zagayen baya. A Turai damuwar direba ita ce yadda zai ɗumama taya. A nan kuwa, tsakanin Maris da Mayu, lokacin da zafin bazara kan haura digiri 40 kuma kwalta ta fi iska zafi nesa ba kusa ba, taya tana kai wa iyakarta cikin zagaye biyu ko uku, aikin da ya rage shi ne hana ta ƙonewa. Saboda haka roba mai matsakaicin tauri, irin wadda ake so a tseren dogon zango, ta fi amfani a wannan yanayi fiye da mai taushin da ke ba da zagaye ɗaya mai kyau sannan ta gaji.

Taya da kanta tana ba da labari ga wanda ya durƙusa ya duba ta bayan an fito daga fili. Idan kafaɗarta ta waje ta yi shuɗi-shuɗi, zafi ya yi mata yawa. Idan fuskarta ta yi ƙuraje, roba ta dunƙule kamar an murza gero, an matsa mata tun ba ta ɗumama ba, ko kuma tana ja a ƙasa. Masu lura suna auna zafi a wurare uku, ciki da tsakiya da waje, da na'ura mai tsinken da ake soka wa roba. Tsakiya ya fi zafi, iska ta yi yawa. Gefe biyu sun fi zafi, iska ta yi kaɗan. Waje kaɗai ya yi zafi, ƙafar tana buƙatar a karkato samanta zuwa ciki, abin da makanikai ke kira kamba. A lokacin hunturu kuma wata matsalar ce take tasowa, domin ƙurar da ke kwanciya a kan kwalta tana shiga tsakanin roba da hanya, safiya tana da sanyi, kuma taya mai zafi tana kwashe yashi ta manne shi a jikinta.

Iskar taya tana bin zafi. Tayar da aka hura wa psi 28 (psi ma'aunin ƙarfin iskar taya ne) da safe, lokacin da zafi yake digiri 25, za ta kai kusan 35 idan iskar cikinta ta hau digiri 75. Abin da ake nufi a cimma shi ne adadin da kamfani ya faɗa na lokacin da taya take da zafi, don haka ana auna ta nan take da fitowa, a rage ko a ƙara. Gejin auna iska na kai wajibi ne, domin na mai faci a bakin titi an yi shi ne don aikin yau da kullum, kuma bambancin psi biyu da ba a ji a cikin gari ana jin sa sarai a kwana. Iskar kwamfaresa mai ɗauke da danshi tana sa hawan ya zama marar tabbas, shi ya sa wasu suke zaɓar naitirojin ko busasshiyar iska.

Shekaru da tayar gwanjo

Duk lokacin da tayar gasa ta yi zafi ta huce, robarta tana ƙara tauri kaɗan, har ta kai inda zane yana nan amma kamun ya tafi. Wannan shi ne haɗarin sayen tayar gasa ta gwanjo, tun da ido ba ya iya ƙirga sau nawa ta yi zafi. Abin da ido zai iya gani shi ne lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT: 1422 na nufin mako na 14 na shekarar 2022. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana gargaɗin kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa, ga tayar gasa kuwa ko shekara biyu suna da yawa idan ta sha rana. A cikin tayoyin gwanjo da ke shigowa daga Turai akwai na lokacin ƙanƙara, masu hoton dutse da ɗigon ƙanƙara a gefe, waɗanda aka yi robarsu don sanyin da bai kai digiri 7 ba. A kwaltar bazara suna laushi su cinye nan da nan. Tayar da aka taɓa yi wa faci, ko mai kumburi a gefe, ba ta da gurbi a filin tsere. Ajiya ma tana da nata hukunci: ɗaki mai inuwa, nesa da rufin kwano mai zafi da janareta da man fetur, kowace taya a cikin baƙar leda da aka ɗaure.

Damina

Daga Yuni zuwa Satumba ruwa kan sauko da ƙarfi cikin ɗan lokaci, ya kwanta a kan kwalta. Aikin tsagi shi ne fitar da wannan ruwa daga ƙarƙashin taya, kuma idan tsagin ya gaza, taya tana hawa kan ruwan, sitiyari ya yi sakayau a hannu, birki ya daina amsawa. Sabuwar tayar titi tana da zurfin zane kusan milimita 8, rabin silik ba ta kai haka ba tun daga masana'anta, wadda aka sha tsere da ita kuma ba ta da abin da za ta kori ruwa da shi. Mai saiti ɗaya na tayoyi, idan yana nufin yin tsere a damina, zai fi samun natsuwa da rukunin 200 mai cikakken zane. Mai halin saiti biyu kuwa yakan ɗaura tayoyin ruwa a kan rim na dabam tun daga gida, ta yadda idan hadari ya haɗu daga gabas, canjin ba zai wuce aikin jak da sifana na minti goma sha biyar ba.