Mad Max 2: amsoshin tambayoyin da sharhin 'yan kallo ke jawowa

Duk sanda aka ambaci wannan fim, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawo min, kuma yawancinsu daga sharhin 'yan kallo suke tasowa. Wannan ya ba shi tauraro biyar ya ce ba a taɓa yin irinsa ba, wancan ya ba shi ɗaya ya ce ɓata lokaci ne, mai karatu ya rasa wanda zai bi. Ga amsoshina wuri guda. Wanda bai kalla ba ya sani, a ƙasa zan faɗi yadda fim ɗin ya ƙare.

Wane fim ne ma ake magana a kai?

Fim ɗin ƙasar Ostireliya ne na 1981. George Miller ya ba da umarni, Mel Gibson ya fito a matsayin Max. Duniya ta wargaje, babu hukuma, man fetur ya zama abin da ake kashe rai a kansa. Wasu mutane suna riƙe da ƙaramar matatar mai a tsakiyar fako, 'yan fashi sun yi musu ƙawanya.

Na ga wasu na kiransa The Road Warrior. Fim biyu ne?

Ɗaya ne. Da aka kai shi Amurka a 1982 aka sauya masa suna, domin na farkon, wanda ya fita a 1979, bai yi tashe a can ba.

Sai na kalli na farkon kafin in fahimci wannan?

A'a. Mintunan farko sun gaya maka komai: tsohon ɗan sanda ne, an kashe masa mata da ɗa, ya shiga daji.

Masu sharhi da yawa sun ce babu labari a ciki, tseren motoci ne kawai. Gaskiya ne?

Wannan maganar ce ta fi ɓata min rai, kuma ita aka fi maimaitawa. Duk wanda ya rubuta haka, ina kyautata zaton idonsa na kan waya yana jiran 'yan wasa su yi masa bayani da baki. Fim ɗin nan da ido ake sauraronsa.

Duba yadda aka buɗe. An yi karo a kan titi, mota ta kife, mai yana ɗiga. Max bai tsaya murnar tsira ba, sai ya ruga yana sa duk mazubin da ya samu a ƙarƙashin motar don kada ɗigo ya tafi a banza. Wanda ya taɓa kwana a layin gidan mai, ko ya tsaya gaban ɗan bumburutu yana kallon yadda ake karkata galan har ɗigon ƙarshe, ba sai an fassara masa wannan ba. Daga baya kuma ka gan shi a kan tudu yana cin abincin kare na gwangwani da cokali, ya miƙa wa karensa ragowar, shi kuwa fursunan da ya ɗaure, wani matuƙin ƙaramin jirgin sama, sai abin da kare ya bari ya samu. Ba a ce uffan ba, amma ka riga ka san matsayin ɗan Adam a wurin mutumin nan.

Labarin kuwa shi ne yadda wanda ba ya taimakon kowa sai da ciniki ya koma tuƙa tankar mutanen da bai ɗauke su a bakin komai ba. Ya kawo musu ɗan'uwansu da aka raunata don a biya shi da mai. Ya kawo musu kan babbar mota don a biya shi da mai. Ya karɓi ladansa ya tafi duk da roƙon da suka yi masa, aka rutsa shi a hanya, ya rasa mota, ya rasa kare. Sai bayan ba shi da sauran abin ciniki ya ce shi zai tuƙa. In wannan ba labari ba ne, to mene ne labari?

Me ya sa Max ba ya magana?

Domin ba shi da abin faɗa wa kowa. Maganganunsa a duk fim ɗin 'yan kaɗan ne, kuma da gangan aka yi haka.

An ce Fury Road ya fi shi nesa ba kusa ba. In tsallake wannan?

Kada ka tsallake. Fury Road wani fim ɗin Mad Max ne na 2015, shi ma Miller ya yi shi, da kuɗi masu yawan gaske, ya ci kyautar Oscar shida, kuma ya cancanta. Amma masu rage wa na 1981 maki saboda motocinsa ba su kai na 2015 ƙyalli ba sun manta cewa shekara 34 ke tsakani. A kusa da garin Broken Hill aka ɗauki wannan, a jihar New South Wales, ba da dabarun kwamfuta ba. Motar da ka ga ta kife, ta kife ne da gaske. Akwai inda wani ɗan babur ya yi karo da mota ya tashi sama yana juyawa: Guy Norris ke nan, kuma ya karye a ƙafa a wannan ɗaukar, aka bar hoton a cikin fim. Idan ka kalli tseren tankar na ƙarshe da wannan a ranka, za ka ji jikinka ya yi sanyi.

Zan iya kallonsa a falo da iyalina? Sharhin da na karanta sun saɓa, wasu sun ce babu komai, wasu sun ce akwai.

A nan ba zan ba ka amsa ɗaya ba, domin ban san gidanka ba. Amma ka fara da sanin cewa yawancin masu cewa babu komai da fina-finan yau suke auna shi, inda ake watsa jini kamar ruwa. Da wannan ma'auni, eh, yana da sauƙi, sau da yawa kyamara tana kauda kai kafin abin ya faru. Sai dai ma'aunin mai sharhin da ke zaune shi kaɗai a ɗakinsa daban yake da na mutumin da mahaifiyarsa ko surukarsa za ta iya shigowa falo.

Ga abin da ke ciki. Tun kusan farko akwai inda 'yan fashin suka tare wata mata da wani namiji, suka yi wa matar fyaɗe suka kashe ta. Daga nesa aka nuna, ta madubin hangen nesa, amma akwai tsiraici, kuma abin yana da nauyi a zuciya. Akwai wani wuri gajere da tanti ya yaye aka ga mace da namiji. Shigar 'yan fashin kanta ba ta rufe jiki: shugabansu Humungus kusan tsirara yake sai fatu da abin rufe fuska, babban yaronsa Wez kuwa bayansa a buɗe yake. Ana ɗaure fursunoni a gaban mota. Akwai wani yaron daji da ke jifa da ƙarfe mai kaifi, ya kashe mutum, ya yanke wa wani yatsu. A Amurka ma an sa masa alamar da ke nufin ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga sai da babba.

To, ƙananan yara dai a'a, ban ga dalili ba. Samari da suka mallaki hankalinsu, ya danganta da yadda kuka saba a gida, kuma da ni ne sai na fara kallo ni kaɗai, in san wuraren da zan tura gaba. Kada ka dogara da cewa kwafin da ka samu an yanke, domin akwai waɗanda aka rage wa gidajen talabijin, akwai cikakku, kuma ba lallai mai tura maka a waya ya san wanne ya ba ka ba. Haka idan mai fassarar Hausa ne, muryar kawai aka sauya, hoton yana nan yadda yake sai in an yanke. In kana shakka, kwantar da hankalinka ka kalla kai kaɗai ko da abokai. Fim ne da bai wuce awa ɗaya da rabi da 'yan mintuna ba.

Yaƙin nukiliya ne ya rusa duniyar?

Mai ba da labari a farko ya ɗora abin a kan yaƙin manyan ƙasashe da ƙarewar mai. Fim na uku, na 1985, shi ya fi fitowa fili da zancen nukiliya. Ka tuna kuma an yi waɗannan fina-finai ne ana tuna matsalar mai ta 1973.

Wasu sun ce ƙarshen yaudara ce, an sha wahala a kan tankar yashi. Max ya san yashi ne?

Fim ɗin bai faɗa ba, kuma 'yan kallo sun rabu a kai. Abin da aka nuna shi ne tanka ta kife, Max ya fito jina-jina, ya tara hannu yashi na zuba a tafinsa. Man yana cikin durom-durom da aka ɓoye a motocin mutanen da suka bi wata hanyar. Ni a ganina bai sani ba, kallon da ya yi wa yashin na wanda ya gano abu ne yanzu. Masu jin an cuce su su tuna cewa shugaban mutanen, Pappagallo, ya bi tankar ya mutu a hanya, haka jarumar da ke kan tankar. An sayi ran mata da yara ne da wannan yashin, kuma yaron dajin da ya tsira shi ne tsohon da ke ba da labarin tun farko.

An kashe karen da gaske?

A'a, a labari ne kawai, kuma ba a nuna ba. Ku daina tayar wa mutane hankali da wannan.

Brian May da ya yi kiɗan, na ƙungiyar mawaƙan nan ta Queen ne?

Ba shi ba ne. Wannan ɗan Ostireliya ne, suna ne ya zo ɗaya.