Haɗa manhaja da kasuwar musayar caca

Kasuwar musayar caca dandali ne na intanet inda masu caca ke yin fare a tsakaninsu, maimakon su yi da kamfani. Wani ya sa kuɗi cewa doki kaza zai zo na ɗaya, wani ya sa cewa ba zai zo ba, dandalin ya haɗa su, ya cire la'adarsa daga ribar wanda ya ci. Da yake farashi, wato adadin da za a ninka kuɗin mai fare da shi idan ya ci, na hawa da sauka kamar a kasuwar hannun jari, masu rubuta manhaja sukan haɗa kwamfutocinsu kai tsaye da saba, wato babbar kwamfutar dandalin, ta wata ƙofa da ake kira API, domin karɓar bayanai ba tare da buɗe shafi ba.

Tarihi

Andrew Black da Edward Wray ne suka kafa irin wannan dandali mai suna Betfair a Landan a shekarar 2000. Ba a jima ba ya haɗiye abokin hamayyarsa, Flutter.com, a wajajen ƙarshen 2001 zuwa farkon 2002. Attajirin Ayalan, Dermot Desmond, shi ma ya kafa Betdaq a wannan tsakanin, kamfanin Ladbrokes ya saye shi a 2013. Smarkets ya biyo baya a 2008. A 2016 Betfair ya haɗe da kamfanin caca na Paddy Power, aka sauya wa uwar kamfanin suna zuwa Flutter Entertainment a 2019.

Ƙofar Betfair ta farko an gina ta ne a kan tsarin musayar bayanai na SOAP, mai nauyin saƙonni. A wajajen 2014 aka maye gurbinta da API-NG, wadda ke aiki da JSON, wani tsarin rubuta bayanai mai sauƙi. Wannan sauyi ne, a ganin mai wannan rubutu, ya buɗe fagen ga ƙananan masu rubuta manhaja, musamman da aka samu shiryayyun kayan aiki na harshen rubuta manhaja na Python irin su betfairlightweight.

Bayanan kai tsaye

Mai haɗawa da Betfair yana buƙatar asusu, da mabuɗin manhaja, da alamar shiga mai ƙarewa bayan wani lokaci. Mabuɗin iri biyu ne: na gwaji, wanda farashinsa ke zuwa a makare, da na aiki, wanda ake biya kafin a kunna. Ana iya tambayar saba akai-akai da umarnin listMarketBook, amma hanyar da aka fi so ita ce Stream API, inda haɗin ke zama a buɗe, saba ta turo cikakken hoton kasuwa sau ɗaya, daga nan sai abin da ya canza kawai. Idan saƙo ya ce kuɗin da ke jira a farashin 2.5 ya koma sifili, manhajar ce za ta goge wannan layin daga nata kwafin. Farashi yana tafiya ne tsakanin 1.01 da 1000.

Bayanan baya

Betfair na sayar da ajiyayyun bayanai da suka faro daga wajajen 2015, a matakai uku. Basic kyauta ne, yana ba da farashin cinikin ƙarshe kusan duk minti ɗaya. Advanced ya fi shi yawan ɗaukar farashi, Pro kuwa na ɗauke da dukkan matakan farashi. Fayilolin na zuwa a matse cikin tsarin bz2, kuma muhimmancinsu shi ne siffarsu ɗaya da saƙonnin Stream. Saboda haka ana iya sake kunna sukuwar da ta wuce a cikin manhajar da za ta yi aikin gaske, a ga yadda dabara za ta kaya. Sai dai gwajin yana da gurgunta: fayil ba ya nuna yadda kasuwa za ta motsa da a ce kuɗin mai gwajin sun shiga, ba ya kuma tabbatar da cewa layin masu jiran a karɓi farensu zai iso kansa kafin farashi ya gusa.

Taƙaddama

Ana jinkirta fare na 'yan daƙiƙoƙi idan wasa ya fara, don rage fifikon masu turo sakamako daga bakin fili. Ƙarin cajin da Betfair ya ɗora wa masu yawan cin riba a 2008 ya jawo suka. Ƙasashe da yawa sun haramta caca ko sun taƙaita ta, kuma dandalin yakan toshe haɗi daga can.