Zafin Furosesa a Lokacin Hutu

Zafin furosesa a lokacin hutu shi ne yawan ɗumin da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ke nunawa yayin da take kunne amma ba a ɗora mata wani aiki mai nauyi ba. A yawancin kwamfutocin tebur wannan ɗumi yakan tsaya tsakanin digiri 30 zuwa 50 a ma'aunin Salshiyos, na laftof kuwa yakan ɗara haka saboda ƙuncin cikinta. Kowace furosesa tana da iyakar da kamfani ya gindaya mata: galibin na Intel digiri 100 ne, yawancin jerin Ryzen 7000 na kamfanin AMD kuma digiri 95, kuma da zarar ta kai nan sai ta rage gudu da kanta, idan abin ya faskara ta kashe kwamfutar.

Ba kullum ba ne hauhawar adadin ke nuna matsala. Hutun kwamfuta suna ne kawai, domin manhajoji suna ta ƙananan ayyuka a ɓoye, kuma furosesar zamani takan zabura ta ƙara gudu na ɗan lokaci kaɗan, awon ya yi tsalle sannan ya sauko. An ga haka ƙarara a 2019 lokacin da aka fitar da Ryzen 3000, wadda aka cunkushe taransistocinta, wato ƙananan makunnan lantarkin da ke cikinta, a ɗan ƙaramin fili, har ma wasu manhajojin awo su ne ke tayar da ita daga barci da yawan tambayarta. Shi ma awon da ake gani a shafin BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi, yakan fi na cikin Windows, saboda dabarun tsimin wuta ba sa aiki sosai a can.

Sanyayawa ta dogara ne ga kwashe zafi daga murfin furosesa zuwa wani ƙarfe mai haƙarƙari, na alminiyam ko jan ƙarfe, wanda fanka ke hura wa iska. Tsakanin murfin da ƙarfen ana shafa wani mai mai kauri, ɗigo kamar ƙwayar wake, don cike ramukan da ido ba ya gani. Idan ya bushe, ko ba a ɗaure ƙarfen daidai ba, ko aka manta ba a ɓare ledar da ke gindin sabon ƙarfe ba, zafi yakan tashi ko ba a aikin komai. Masu sanyaya furosesa da ruwa kuma sukan gamu da haka idan famfon ya mutu.

Fanka ba ta iya sanyaya abu ƙasa da iskar ɗaki, shi ya sa kwamfutar da ke Kano ko Maraɗi a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai wa digiri 40, ba za a gwada awonta da na ɗaki mai iyakwandishan ba. Ƙurar hunturu kuma takan daskare a haƙarƙarin ƙarfen kamar auduga, wadda masu gyara ke kakkaɓewa da burushi da iska, suna riƙe fankar da yatsa kada ta juya.