Don Allah a daina wanke tankin kifi da omo

Ranar Asabar ɗin da ta wuce aka sake kirana in duba kifin tanki da ke mutuwa, kuma tun kafin in cire takalmi a ƙofar falon na san abin da zan tarar. Yaron gidan bai fi shekara 12 ba. Da suka je hutu wajen kakanninsa ya samo kurungu huɗu da 'yan ƙananan karfasa a hannun masunta a bakin dam ɗin Tiga, babansa ya saya masa tankin gilashi, aka ajiye kusa da talabijin. Wata biyu kifin nan suna cikin ƙoshin lafiya. Sai aka ce za a yi baƙi. Mahaifiyarsa ta duba ta ga gilashi ya yi kore-kore, ta kwashe kifin a roba, ta juye ruwan kaf, ta sa soso da omo ta dirje tankin, ta wanke tsakuwar har tana ƙyalli, ta tara ruwan famfo ta cika, ta mayar da su. Kafin la'asar sun taso sama baki buɗe suna haki. Kafin isha'i karfasan nan duk sun kife. Da na isa, kurungu ɗaya ne ya rage, ya lafe a kusurwa, yaron kuma yana tsugune gaban gilashin ya ƙi cin abinci.

Ta ce mini, "Malam, wallahi tas na wanke shi, har sau uku na ɗauraye."

Na ce, "Hajiya, ai wankin ne ya kashe su."

Ban ga laifinta ba, don ba wanda ya taɓa gaya mata. Mu mutane ne masu son tsafta, abin da muka gani ya yi dauɗa omo muke kai masa. Amma wannan shi ne gida na uku da na shiga cikin wata guda a kan magana ɗaya, kuma na gaji da kwashe matattun kifi a gaban yara suna kuka. Wani Alhaji sau biyar yana sayo kifi daga bakin ruwa suna mutuwa, har ya fara cewa kambun baka ne na masu shigo masa falo. Da na tambayi yaron da ke masa aiki, duk ranar Juma'a da safe yake juye tankin ya wanke da sabulu, domin haka aka umarce shi. Babu wani kambun baka. Wanki ne.

Jama'a, tankin kifi ba kwanon tuwo ba ne. Wannan ɗan santsin da kuke ji a jikin tsakuwa da soson matatar ruwa, wanda kuke ƙyama, shi ne ran tankin. A cikinsa ƙwayoyin halitta masu amfani suke zaune, su ne ke cinye gubar da ke fita daga kashin kifi da ragowar abinci. Kafin su kafu sai an yi mako 4 zuwa 6. Ku kuma cikin minti goma kun kashe su, kun mayar da hannun agogo baya, kifi ya koma yana iyo cikin fitsarinsa ba mai kwashewa. Omo kuwa ko sau nawa aka ɗauraye sai ya maƙale a tsakuwa da bakin gam ɗin da ya haɗe gilashin, ya je ya wanke yauƙin da ke kare jikin kifin, ya ƙone jajayen nan na ƙarƙashin kunnensa da yake numfashi da su. Ga ruwan famfo da sinadarin kulorin a ciki. An sa shi ne don lafiyarmu, ya kashe cutar da ke ruwan sha, kuma mun gode. Sai dai ga kifi wuta ne. Abu uku ke nan kuka haɗa masa a wanki ɗaya.

Akwai na huɗu, wanda ba a lura da shi. A watan Afrilu ruwan da ya wuni a tankin saman rufi har ƙona hannu yake yi da rana. A lokacin hunturu kuma wanda ya kwana a waje sanyi ƙarara. Kifin da ya tashi a kogi bai san ruwa ya juya masa farat ɗaya ba, ruwan kogi a hankali yake canjawa. An kama shi, an jijjiga shi a jarka a bayan babur, bai gama farfaɗowa ba, sai ku tsoma shi cikin abin da bai taɓa ji ba.

Na san inda ɗabi'ar ta samo asali. Kun ga masu kiwon tarwaɗa suna buɗe bututu su zubar da ruwa su zuba sabo, sai kuka ɗauka haka ake yi wa kowane kifi. Su da ruwan burtsatse suke aiki, babu kulorin, kuma ba ku taɓa ganin sun zuba omo a kan kifinsu ba. Tarwaɗa ma ai daban take, tana leƙowa ta shaƙi iska, shi ya sa take kwana a baho a kasuwa ba ta mutu ba. Kada ku gwada ƙarfin ranta da na kawara ko ɗan karfasa.

To me za a yi idan tanki ya yi datti? Abu ne mai sauƙi, har ya fi wancan wankin sauƙi. A tara ruwa a bokiti mai faɗin baki, a bar shi a buɗe a cikin ɗakin da tankin yake, awa 24 zuwa 48. Kulorin zai fice, zafin ruwan kuma zai daidaita da na tankin. Wanda ke da hali ya sayi maganin cire kulorin a wurin masu sayar da kayan kifi, ya fi tabbas. Sau ɗaya a mako a sa siririn tiyo a zuƙe kashi 1 cikin 4 na ruwan, ana bi ta kan tsakuwa don dattin ƙasa ya fita. Kifin na ciki, ba a taɓa shi, ba a kore shi da hannu. A zuba sabon ruwan a hankali. Soson matatar ruwa a matse shi cikin tsohon ruwan da aka zuƙo, ba a ƙarƙashin famfo ba. Gansakukar gilashi a goge ta da sabon soso wanda bai taɓa ganin sabulu ba, a keɓe shi da bokitinsa, a rubuta musu "na kifi" da babban baƙi, kada wani ya ɗauka ya yi wanke-wanke. Shi ke nan. Kashi ɗaya cikin huɗu. Ba rabi da rabi ba, balle duka. Kuma babu omo, babu sabulu, babu bilic, babu ruwan zafi.

Idan 'yan garuwa ke kawo muku ruwa, ku tambaye su daga ina suka ɗebo. Ko na rijiya ne a bar shi ya kwana.

Sauran abubuwan bari in jero su a gurguje:

- Sabon kifi daga kogi kada ya shiga cikin tsofaffi kai tsaye. A ware shi a wani mazubi mako 3 zuwa 4. Idan fararen ɗigo kamar gishiri suka fito masa, ko yana goga jiki da dutse, cuta ce, ku nemi wanda ya san kiwon kifi.
- Ku nemi wanda aka kama da gura (tarkon kifi) ko birgi (ragar jifa). Na ƙugiya da na kalli (ragar da kifi ke maƙalewa a ciki) yawanci ya ji ciwo. Wanda aka tsinta yana layi a ruwan da aka zuba wa guba, ku bar shi, ba na kiwo ba ne, ba na ci ba.
- Abinci kaɗan, abin da za su cinye cikin minti 2 zuwa 3. Yara su daina jefa musu burodi da tuwo. Yawan abinci ne ke ɓata ruwan da ke sa ku wanki.
- Kada a ajiye tanki inda rana ke dukansa, ita ke kawo koren nan.
- Za a fesa maganin sauro ko a zuba fiya-fiya? A kashe injin da ke hura wa ruwan tankin iska, a rufe tankin ruf da tawul, har warin ya fita.
- A yi murfi. Tarwaɗa da gaiwa suna fitowa cikin dare.
- Ɗan giwan ruwa yana da kyau yana ƙarami, amma wanda ya ga irin waɗanda ake fitowa da su daga kogin Matan Fada a bikin kamun kifi na Argungu ya san ba kifin falo ba ne. Shi da tarwaɗa duk abin da ya shiga bakinsu sun haɗiye. Minjirya tana ja kamar lantarki, kurungu yana da ƙaya mai zafi, kada yara su sa hannu.

Iyaye, ga wata da ta shafe ku kai tsaye. Kada a kwaso ƙananan katantanwa da ciyawar bakin dam ko kududdufi a zuba a tanki don ado. Wasu daga cikin katantanwar nan su ke ɗauke da tsargiya. Yaron da ke shiga irin wannan ruwa kamun kifi, idan kuka ga jini a fitsarinsa, ba girma ba ne, ba alamar balaga ba ce, a kai shi asibiti, akwai magani. Kuma duk wanda ya taɓa ruwan tanki ya wanke hannunsa da sabulu bayan ya gama. Kafin ya fara kuwa ya ɗauraye hannun da ruwa zalla sosai, kada sabulu ko man shafawa ya bi shi ciki.

Wanda ya riga ya yi wankin yau, yana karanta wannan kifinsa na haki a sama, ya tashi yanzu. Ya nemo ruwan rijiya ko na burtsatse da ya zauna a ɗaki, ya zuba a roba mai tsabta wadda ba ta taɓa omo ba, ya mayar da kifin ciki, ya kunna injin iska. Idan babu wuta, ya riƙa ɗiban ruwan da kofi yana kwararo shi daga sama a hankali. Kada a ba su abinci kwana biyu. Tsakuwar da ta sha omo a zubar, a samo wata. Haka muka yi wa kurungun yaron nan a daren, mahaifiyarsa ce ma ta riƙe mana fitila. Shekaranjiya da na biya ya fara fitowa daga cikin guntun tukunyar da muka kifa masa, yana lalube da gashin bakinsa, na kuma tarar da bokiti biyu a bayan ƙofa cike da ruwa, an rubuta musu ranar da aka tara.